Flo Hyman: Tsawon da ya ɗaukaka ta shi ne alamar ciwon ajalinta

A ranar 24 ga watan Janairun 1986, a garin Matsue na ƙasar Japan, ana tsakiyar wasan ƙwallon raga na mata tsakanin ƙungiyar Daiei da ta Hitachi, sai aka canji wata 'yar wasa baƙar fata 'yar Amurka, ta koma benci ta zauna tana kallon abokan wasanta. Jim kaɗan ta sulale ta faɗi, kuma ba ta sake tashi ba. Sunanta Flora Jean Hyman, wadda duniya ta fi sani da Flo Hyman, tana da shekara 31 a lokacin, kuma masana wasan da dama suna ganin babu mace a zamaninta da ta kai ta iya dukan ƙwallo a kan raga. Na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihinta ne saboda tambayar da rasuwarta ta bari, wadda har yanzu ba mu amsa ta ba a makarantunmu da filayen wasanninmu: shin wanda ke cin moriyar jikin ɗan wasa, wane hakki ne ya rataya a wuyansa game da lafiyar wannan jiki?

An haifi Flo a ranar 31 ga watan Yulin 1954 a Inglewood da ke jihar Kalifoniya, a gidan masu ƙaramin ƙarfi mai 'ya'ya takwas. Mahaifinta ma'aikacin shara ne a kamfanin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuma tana da ɗan wurin sayar da abinci. Tun tana ƙarama ta zarce sa'o'inta tsawo ƙwarai, abin da ya jawo mata tsokana a makaranta, har ta riƙa jin kunyar jikinta. Iyayenta ne suka tsaya mata, suka nuna mata cewa tsawo baiwa ce. Kafin ta gama makarantar sakandare ta Morningside ta kai ƙafa 6 da inci 5, wato kusan mita biyu ke nan, kuma a nan ne ta rungumi ƙwallon raga gadan-gadan.

Bayan ta yi shekara guda a Kwalejin El Camino, sai ta wuce Jami'ar Houston da ke jihar Texas, jami'ar da 'yan Nijeriya suka sani saboda a can ne Hakeem Olajuwon ya sauka daga Legas a 1980 ya yi suna a ƙwallon kwando. Flo ta riga shi shiga da 'yan shekaru, kuma ita ce mace ta farko da jami'ar ta ba tallafin karatu saboda wasanni. Wannan bai faru haka kawai ba. A 1972 aka kafa wata doka a Amurka, wadda ake kira Title IX, da ta haramta nuna bambanci tsakanin maza da mata a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Kafin dokar, kusan duk kuɗin wasanni a jami'o'i kan samari suke ƙarewa. Ashe ke nan baiwar Flo kaɗai ba za ta kai ta jami'a ba, da ba a sami dokar da ta buɗe ƙofar ba, kuma ita kanta ba ta manta da wannan ba har ƙarshen rayuwarta.

A Houston ta karanci lissafi da ilimin motsa jiki. Sau uku ana zaɓen ta cikin gwanayen 'yan wasan jami'o'in ƙasar baki ɗaya, kuma a 1977 ta karɓi lambar Broderick a matsayin wadda ta fi kowace ɗaliba fice a ƙwallon raga. Sai dai saura shekara guda ta kammala digiri ta ajiye karatu ta koma sansanin 'yan wasan ƙasa dungurungum, bisa lissafin cewa karatu zai jira ta, amma ƙuruciya ba ta jiran kowa. Ni dai ba na cikin masu yaba wannan mataki ido rufe, domin ba kowace yarinya ce Flo ba, kuma da yawa sun bar aji saboda fili sun tashi a tutar babu. Amma dole mai adalci ya yarda cewa ta san abin da take nema, ta kuma biya farashinsa.

Lokacin da ta shiga ƙungiyar ƙasa a 1974, matan Amurka ba kowa ba ne a ƙwallon raga, har ma sun kasa samun gurbi a gasar Olamfik ta 1976. Japan da Tarayyar Sobiyet ne ke jan zarensu, Kuba da Sin kuma suna tasowa. A ƙarƙashin mai horarwa Arie Selinger aka tara 'yan matan wuri guda suna atisaye na sa'o'i masu yawa a kullum, shekara da shekaru, babu albashin kirki. Suka sami gurbi a gasar Mosko ta 1980, ana kuma sa musu ran lambar yabo. Kwatsam sai Shugaba Jimmy Carter ya ce Amurka ba za ta je ba, saboda mamayar da Sobiyet ta yi wa Afghanistan a ƙarshen 1979. Mu a nan mun san ɗacin irin wannan, domin a 1976 Nijeriya da ƙasashen Afirka fiye da ashirin sun janye daga gasar Montreal don nuna adawa da hulɗar wasanni da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, 'yan wasanmu suka dawo gida ba su taka fili ba. Ko da hujjar janyewa ta kai ƙarfin wannan, ɗan wasa ne ke ɗaukar asarar shekarun da ba za su dawo ba.

Wasu daga cikin abokan wasanta sun haƙura sun kama wasu hidimomin, amma Flo ta tsaya. A gasar cin kofin duniya ta 1981 a Japan aka zaɓe ta a matsayin wadda ta fi kowa iya dukan ƙwallo. A 1982 ƙungiyar ta ci lambar tagulla a gasar duniya da aka yi a ƙasar Peru. Sannan a 1984, a Los Angeles, kusa da unguwar da ta tashi, Amurka ta kai wasan ƙarshe na Olamfik. Sun doke Sin a zagayen rukuni, amma a wasan ƙarshe 'yan Sin, da shahararriyarsu Lang Ping, suka rama da ci uku ba ko ɗaya. Flo, wadda ita ce mafi tsawo kuma mafi shekaru a ƙungiyar, ta tashi da azurfa, lambar Olamfik ta farko da matan Amurka suka taɓa samu a wannan wasa.

Da yake a wancan lokaci babu gasar ƙwararru ta mata mai ƙarfi a ƙasarta, sai ta nemi abincinta a Japan, inda manyan kamfanoni ke riƙe da ƙungiyoyi. Ta buga wa Daiei, ƙungiyar wani kamfanin manyan kantuna, kuma da ita ƙungiyar ta haura daga ƙananan rukunai zuwa rukuni na ɗaya. A tsakanin haka ba ta naɗe hannu ba game da dokar da ta kai ta jami'a. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Kwalejin Grove City, ta taƙaita ƙarfin Title IX ta yadda sassan wasanni da yawa suka kuɓuce mata. Flo ta shiga sahun masu zirga-zirga zuwa majalisar dokoki a Washington suna neman a maido wa dokar haƙoranta. An yi hakan a 1988, lokacin da majalisa ta yi fatali da ƙin amincewar Shugaba Ronald Reagan ta zartar da gyaran, amma Flo ba ta ga ranar ba.

Da farko an ce bugun zuciya ne ya kashe ta. Danginta ba su gamsu ba, suka nemi a binciki gawar bayan an kawo ta Kalifoniya. Binciken ya nuna cewa babbar jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya ce ta tsage, sakamakon wani ciwo na gado da ake kira Marfan, wanda ya samo sunansa daga likitan yara ɗan Faransa Antoine Marfan da ya fara bayyana shi a 1896. Ciwon yana raunana zaren da ke riƙe sassan jiki, kuma yana kama kimanin mutum 1 cikin 5,000. Alamominsa na waje su ne tsawo fiye da kima, dogayen hannuwa da yatsu, sassaucin gaɓoɓi, da raunin gani. Mai karatu zai lura cewa yawancin waɗannan su ne ainihin abin da mai horarwa ke nema in ya fita farautar 'yan ƙwallon raga ko kwando. Abin da duniya ke tafa wa a jikin Flo shi ne abin da ya kamata ya sa likita ya tsaya ya duba. Har ma an ga alamar wata tsohuwar tsaga da ta fara warkewa a jijiyar, ma'ana ta yi makonni tana tsalle da mutuwa a ƙirjinta ba ta sani ba.

Rasuwarta ta ceci wasu. An gwada danginta, aka sami ciwon a jikin wani ɗan'uwanta, aka yi masa aikin zuciya. A 1991 masana suka gano ƙwayar halittar da ke haddasa ciwon, kuma yanzu, da hoton zuciya da magani da tiyata a kan kari, masu shi suna kaiwa tsufa. A 2014 gwajin lafiya ya gano shi a jikin wani matashi ɗan ƙwallon kwando, Isaiah Austin, kwanaki kaɗan kafin a ɗauke shi a gasar NBA. Ya rasa wannan dama, amma ya tsira da ransa. Ita kuwa Flo, tun 1987 Amurka ke ware rana guda a watan Fabrairu don 'yan mata da mata a wasanni, wadda aka fara domin tunawa da ita, kuma a 1988 aka sa sunanta a zauren gwarzayen ƙwallon raga.

Mu ma mun ga irin wannan faɗuwa da idanunmu. Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa a Legas a watan Agustan 1989 ana wasa da Angola, Marc-Vivien Foé na Kamaru kuma a Lyon a 2003. Ciwon nasu ba irin na Flo ba ne, amma duka zuciya ce, kuma duka matasa ne da ake ganin sun fi kowa lafiya. Saboda haka kirana ga shugabannin makarantu, da jami'an ma'aikatun wasanni, da likitocinmu, shi ne kada a sa yaro ko yarinya a ƙungiyar makaranta ko ta jiha sai an duba zuciyarsa, an kuma tambayi iyaye ko akwai wanda ya taɓa mutuwar fuju'a da ƙuruciya a dangi. Wanda tsawonsa ya fita daban, a tura shi asibitin koyarwa a ɗauki hoton zuciyarsa. Kuɗin wannan bai kai na bikin buɗe gasa guda ba, kuma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Iyayen da suka yarda suka saki 'yarsu ta shiga fili, a ƙasar da yin hakan ba ƙaramin abu ba ne, amana suka ba mu, kuma mafi ƙarancin riƙon amanar shi ne mu san halin da zuciyarta ke ciki kafin mu tura ta nemo mana kofi.