Sabu: Yaron Bargar Giwaye Da Ya Zama Ɓarawon Bagadaza

Duk lokacin da aka zo hirar tsofaffin finafinan aljanu da dardumar da ke tashi sama, ni sunan da ke fara faɗo mini shi ne Sabu. Yaranmu na yanzu ba su san shi ba, alhali tun kafin Indiya ta samu 'yancin kai wannan yaro ya riga ya zama tauraro a Ingila da Amurka.

An haifi Sabu ranar 27 ga Janairun 1924 a ƙasar Maisur da ke kudancin Indiya, a gidan Musulmi. Mahaifinsa mai kula da giwaye ne, kuma ya rasu Sabu yana ƙarami. Maraici ne ya bar shi a bargar giwayen Sarkin Maisur, yana wanke su yana hawansu. A nan ne mutanen Robert Flaherty, wani Ba'amurke mai shirya fim, suka gan shi lokacin da suke neman yaron da ba ya tsoron giwa. Fim ɗin, Elephant Boy, ya fito a 1937, Sabu na da shekara 13. Alexander Korda, mai kamfanin da ya yi fim ɗin, ya riƙe shi a Ingila, aka sa shi makaranta, ya sake fitowa a The Drum a 1938.

Amma wanda ya ɗaukaka shi shi ne The Thief of Bagdad, wato Ɓarawon Bagadaza, na 1940. Wanda ya taɓa jin hikayoyin Dare Dubu Da Ɗaya zai gane gida nan da nan. Waziri Jafaru ya ci amanar Sarki Ahmad, ya jefa shi kurkuku, inda ya haɗu da Abu, ɗan ɓarawon kasuwa. Sabu ne Abu. Suka gudu Basra, Ahmad ya kamu da son 'yar sarkin garin, Jafaru kuwa ya makantar da shi da sihiri, ya mai da Abu kare.

Wurin da na fi so shi ne bakin teku, bayan Abu ya koma mutum. Ya tsinci kwalba, ya buɗe, sai ga ifiritu ya cika sama, ya ce kashe shi zai yi. Yaron bai da takobi bai da laya. Sai kawai ya nuna bai yarda ƙato irin wannan zai iya shiga 'yar kwalba ba. Girman kai ya ɗebi aljani, ya koma ciki don ya nuna masa, Abu ya toshe bakin. Dabarar masuncin nan ce ta cikin hikaya. Da aljani ya ba shi buƙata uku, ka san abin da ya fara nema? Ba zinariya ba, ba sarauta ba, abinci irin na mahaifiyarsa! Daga nan ya sato ido mai ganin ko'ina daga wani ɗakin bauta bayan ya yi artabu da ƙaton gizo-gizo, ya hau darduma ya ceci Ahmad, ya harbe Jafaru da kibiya yana kan dokinsa mai tashi.

A Ingila aka fara ɗaukar fim ɗin, Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka ƙarasa shi a Amurka. Ya ci kyautar Oscar uku, har da ta dabarun hoto, domin a nan aka yi amfani da shuɗin bango: a ɗauki mutum a gabansa, sannan a cire shuɗin a ɗora shi kan wani hoton. Ko Aladdin na Disney na 1992 yana da Jafaru da Abu, sai dai can Abu biri ne.

A 1942 Sabu ya fito a matsayin Mowgli a Jungle Book. A 1944 ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya shiga sojan sama, yana harbi daga cikin jirgin yaƙi samfurin B-24 a yankin tekun Pasifik, har aka ba shi lambar yabo ta jarumta.

To, a nan fa labarin ke taɓa ni. Ya dawo daga yaƙi babban mutum, amma masu fim ba su yarda ya girma ba. Rawani suke so, da ƙirji a waje, da daji. In ka cire Black Narcissus na 1947, yawancin abin da ya samu daga baya ƙananan finafinai ne, har ta kai shi ga wasa da giwaye a dandalin nishaɗi a Turai. Ya koma inda ya fara ke nan. A Indiya kuwa bai taɓa fitowa a fim ɗin gida ba. A 1960 wani ɗan fashi ya harbe yayansa a shagonsa na kayan ɗaki. Ranar 2 ga Disamba 1963 ciwon zuciya ya ɗauke Sabu a Kalifoniya, yana da shekara 39, ya bar mata da 'ya'ya biyu.

Mu da muke zaune a zango cikin waɗanda suka fi mu yawa, mun san wannan hali. Za a yabe ka, a tafa maka, muddin ka tsaya a siffar da aka zana maka: mai gadi, mai tsire, mai goro. Ranar da ka nemi wata kujera, sai a ce ba a saba ba. Bagadazar fim ɗin ma ba ta Haruna Rashid ba ce, ta mafarkin Turawa ce. Duk da haka ina ba iyaye shawara su nemo shi su kalla da 'ya'yansu, su gaya musu cewa yaron nan da ya fi aljani wayo maraya ne daga barga. Sannan su ƙara musu da cewa wanda bai riƙe alƙalami ba, labarinsa a hannun wani yake.

Allah Ya sa mu cika da kyau da imani.