Frank Woolworth, ɗan manomin da ya hana ciniki a kanti

An haifi Frank Winfield Woolworth ran 13 ga watan Afrilu na shekara ta 1852 a Rodman, wani ƙauye na jihar New York ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa manomi ne, amma yaron bai taɓa son aikin gona ba. A 1873 ya shiga yaron kanti wurin masu sayar da yadi a garin Watertown, ya yi wata 3 yana shara da ɗaukar kaya ba a ba shi ko anini ba.

A zamanin nan, kaya suna bayan tebur. Mai saye ba ya taɓa su sai an miƙo masa, sannan a shiga taye da albarka. A 1878 maigidansa William Moore ya ware tebur guda, ya zube tarkace bisansa, kowane abu santi 5 (santi 100 ke yin dalar Amurka guda). Woolworth ya ga yadda mutane suka yi wa teburin caa, abin ya zauna masa a rai. Ya karɓi kayan dala 300 bashi, ya buɗe kantinsa a Utica cikin Fabrairu 1879. Kafin wata 4 ya karye. Bai saduda ba. A watan Yuni ya sake buɗewa a Lancaster, can ne Allah ya ba shi sa'a, har ya ƙara kayan santi 10.

Dabarar tasa ba ta da wuyar ganewa, riƙe ta ne aiki. Farashi ɗaya ga kowa, kaya a fili, talaka ya shigo ya duba ya fita ba a tsare shi da ido ba. Yana saro kaya da yawa kai tsaye daga masana'antu, har Jamus, da kuɗi hannu. Sai dai arhar nan tana da mai biyanta: ƴan matan da ke tsaye bayan tebur, waɗanda albashinsu bai taka kara ya karya ba, shi kuwa bai ɓoye cewa da gangan ya yi hakan ba.

A 1909 ya buɗe kanti a Liverpool ta Ingila. A 1912 ya haɗe kantunansa da na ƙanensa Charles da na abokan sana'a, suka zama 596. Faransawa ma sun bi sahu daga baya, da Prisunic a 1931 da Monoprix a 1932.

Daga nan son suna ya motsa. Ya sa maigini Cass Gilbert ya tsara masa bene a birnin New York mai tsawon metir 241, ya biya dala miliyon 13 da rabi ba tare da rancen banki ba. Ran 24 ga Afrilu 1913 shugaba Wilson ya danna maɓalli daga Washington, fitilun ginin suka kama. Babu benen da ya kai shi tsawo a duniya har 1930.

Woolworth ya rasu ran 8 ga Afrilu 1919, yana da kantuna fiye da 1.000. Bai sa hannu kan sabuwar wasiyyarsa ba, saboda haka dukiyar ta faɗa hannun matarsa Jennie, wadda ciwon mantuwa ya riga ya kama. An rufe kantunan ƙarshe na Amurka a 1997. Benen yana nan tsaye, an mai da samansa gidajen kwana na masu hali.