Alhaji Abubakar Imam, Malamin Turanci

Kowa a kwalejin nan ya san Magana Jari Ce, amma ba kowa ya san mawallafinsa malamin Turanci ne ba. Tun da yake kullum ana tambaya a ajinmu wane littafi mutum zai karanta Turancinsa ya gyaru, ga labarinsa.

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911, watau mutumin jiharmu ne. Ubansa malami ne, saboda haka da Larabci ya fara. Cikin 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda Sarkinmu marigayi Sulaimanu Barau ya yi, inda ake tsananta wa ɗalibai ƙwarai a kan lafazin Turanci. Da ya fita cikin 1932 sai aka sa shi koyar da Turanci a Midil ta Katsina.

A zamanin nan littattafan karatu na boko sun yi ƙaranci ainun. Yaro ya koyi haɗa baƙi, amma ba abin da zai karanta don daɗi. Cikin 1933 Dokta East na Ofishin Fassara a Zariya ya sa gasa, Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara kuwa ya rubuta Ganɗoki. East ya ga gwaninta, ya roƙa aka ba shi aron Imam cikin 1936. Ya tara masa littattafan tatsuniyoyi na Turawa da Larabawa da mutanen Indiya. Imam ya zauna kamar wata shida yana karantawa yana rubutawa.

To, a nan ne abin lura yake. Bai bi kalma kalma ba. Sai ya karanta labari har ya zauna masa, sa'an nan ya zuba shi cikin Hausa, da sarki da waziri da aku, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka yi abin. A ganina wanda bai ji Turanci sosai ba ba zai iya wannan ba, ko da ya haddace littafin nahawu dukansa. Mu da muka yi makarantar mishan mun sha haddar nan.

Cikin 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya riƙe ta shekara goma sha biyu. Ya je Ingila cikin 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Ya rasu a Zariya cikin 1981.