Bela Lugosi, mai idon da ya hana mu barci

A fadarmu ta Lazare har yau in dare ya yi mukan taru kan waya guda muna kallon tsofaffin finafinan ban tsoro, masu baƙi da fari. Gwaninmu a ciki shi ne Bela Lugosi.

An haife shi a 1882 a garin Lugos, da ke Romaniya a yau. Rikicin siyasa ya kore shi daga Hungari a 1919, ya ƙarasa Amurka. A 1931 ya fito a Dracula, mai shan jinin mutane, duniya ta san shi.

Amma mu White Zombie na 1932 ya fi kama mu. Boka ne a ƙasar Haiti, yana tayar da gawawwaki su yi ta juya injin matsar rake, ba magana, ba hutu. Kamar dai yadda ake cewa maye ya kama kurwa. Jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne a Haiti, tsoronsu kuwa kada mutuwa ma ta kasa raba su da bauta.

Shi ma rawar mugu ta riƙe shi, da wuya a ba shi wata, kuɗin kuma ba yawa. Maganin kashe zafin ciwo ya zame masa jaraba, har ya kai kansa asibiti a 1955. Ya rasu ran 16 ga Agusta 1956 a Los Angeles, aka binne shi da alkyabbar Dracula.