Otis Redding: Mawaƙin da ya ɗaga Stax, Atlantic ya kwashe gadonsa

A 1962, wani matashi ɗan shekara 20 ya tuƙo makaɗin jita Johnny Jenkins daga garin Macon na jihar Jojiya zuwa Memfis domin ɗaukar waƙa a kamfanin Stax. Da aka kammala aikin Jenkins sai ɗan lokaci ya rage, aka ba direban dama ya gwada muryarsa. Waƙar da ya rera a ranar, These Arms of Mine, ita ce ta fito da Otis Redding.

An haife shi ranar 9 ga Satumba, 1941, a Dawson, ya kuma fara waƙa a coci. A zamaninsa manyan kamfanonin faifai ba su cika damuwa da kiɗan baƙar fatan Kudancin Amurka ba. Ƙananan kamfanoni masu zaman kansu irin su Chess a Shikago da Sun a Memfis ne suka riƙa naɗar kiɗan blues da ya biyo bayansa.

Stax na cikin wannan sahu. Jim Stewart da yayarsa Estelle Axton ne suka mallake shi, ɗakin ɗaukar sautinsa kuwa tsohon gidan sinima ne. A garin da wariyar launin fata ta yi katutu, makaɗan kamfanin, Booker T. & the M.G.'s, baƙaƙe ne da farare. Da su Redding ya ɗauki Respect a 1965, waƙar da ya rubuta da kansa.

Sai dai ƙaramin kamfani ba ya iya kai faifai kowace kasuwa shi kaɗai. Don haka Stewart ya sa hannu a yarjejeniyar rarrabawa da Atlantic na New York a 1965.

Redding ya rasu ranar 10 ga Disamba, 1967, yana da shekara 26, lokacin da jirginsa ya faɗa tafkin Monona a jihar Wisconsin. Dock of the Bay ta hau matsayi na ɗaya bayan rasuwarsa.

A 1968, bayan an sayar da Atlantic ga Warner, Stewart ya gano cewa wani sashe na yarjejeniyar ya mallaka wa Atlantic ainihin faifan duk waƙoƙin da ya rarraba, har da na Redding. Stax ya sake farawa kusan hannu rabbana, kuma a 1975 ya durƙushe.