EMIL BEHRING, LIKITAN DA YA KARYA LAGON MASHAƘO

A shekarar 2023 cutar mashaƙo ta yi ɓarna a Kano fiye da kowace jiha a ƙasar nan, yawanci a kan yara. Duk wanda ke da ƙane a Fagge ko Sabon Gari, ko iyayensa ke neman abinci a Kasuwar Singa, ya san fargabar da aka shiga. Maganin da aka ceci da yawa da shi, asalinsa aikin wani Bajamushe ne, Emil Behring.

An haife shi a 1854 a ƙauyen Hansdorf. Mahaifinsa malamin makaranta ne mai 'ya'ya 13, kuɗin jami'a kuwa babu. Saura kaɗan ya karanta tauhidi, sai ya sami shiga makarantar likitocin soja a Berlin a 1874, da sharaɗin zai yi wa soja aiki bayan ya gama.

A 1890 shi da Kitasato, mutumin Japan, suka nuna cewa dabbar da ta sha da dafin cuta, akwai abin da ke karya dafin a cikin ruwan jininta. In aka ɗura wa wata dabba ruwan, ita ma sai ta tsira. Daga nan aka koma ga dawaki, domin jininsu da yawa. Paul Ehrlich ne ya daidaita awon maganin, amma da riba ta zo kasonsa bai taka kara ya karya ba, abota ta yi tsami. Gaskiya a nan Behring bai kyauta ba.

Bai san siffar abin da ya gano ba. Yau an san sinadaran garkuwa iri 5 ne: IgM, IgG, IgA, IgD da IgE. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira B sukan fara da IgM; in ƙwayoyin T suka ba su alama, sai su yanke wani sashe na ƙwayar halittarsu su koma yin IgG ko wani irin. Abokin gāban da suka gane bai canja ba, makamin ne ya canja. IgG kan ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan da ke ciki, IgA kuma yana cikin nonon uwa.

Garkuwar doki aro ce, 'yan makonni ta ƙare. Allurar rigakafi ce ke koya wa jiki yin tasa, shi ya sa ake kai jariri a mako na 6, na 10 da na 14.

A 1901 Behring ya zama na farko da ya karɓi kyautar Nobel ta likitanci. Ya rasu a Marburg a 1917.