Walter Prescott Webb: Masanin Tarihin Ƙasar Fako

Na zaɓi in yi rubutu a kan wannan bawan Allah ne saboda malami ne da ya faɗi jarrabawar digirin dakta, amma daga baya jami'arsa ta karɓi littafin da ya rubuta a madadin kundin digirin. Sunansa Walter Prescott Webb, ɗan jihar Teksas ta ƙasar Amurka. Fagen da ya yi fice a kai shi ne tarihin bakin iyaka, wato inda zaman Turawa 'yan ci-rani ya tsaya, daji ya soma. Kalmar iyaka kaɗai ba ta ɗauke ma'anar ba, domin wannan iyaka ce mai tafiya. A ganina ribaɗi, irin wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a Wurno, ya fi kusa da ita, ko da yake manufarsu ta bambanta.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haife shi ranar 3 ga Afrilu, 1888, a gundumar Panola da ke gabashin Teksas, ƙasar itatuwa da ruwan sama. Yana ƙaramin yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa gundumar Stephens ta yamma, inda fari ya zama abokin zama. Mahaifinsa malamin makarantar ƙauye ne, yana kuma taɓa noma. Yaron ya tsani aikin gona. A 1904, yana ɗan shekara 16, ya rubuta wa wata mujalla mai suna Sunny South wasiƙa yana kukan cewa yana son zama marubuci amma ba shi da hali. Wani ɗan kasuwa a birnin Niyok, William Hinds, ya ci karo da wasiƙar, ya shiga aiko masa da littattafai da mujallu, daga baya har da rancen kuɗin makaranta. Har Hinds ya rasu ba su taɓa sa juna a ido ba.

Karatunsa

Ya shiga Jami'ar Teksas da ke Austin a 1909, amma sai a 1915 ya sami digirin farko, yana da shekara 27, saboda yakan ajiye karatu ya je ya koyar don ya sami na kashewa. Jami'ar ta ɗauke shi aiki a sashen tarihi a 1918. A 1922 ya tafi Jami'ar Shikago neman digirin dakta, ya faɗi jarrabawar baka, ya tattara nasa-ya-nasa ya komo gida da bashi a wuya. Daga nan ya daina bin sawun manyan malamai, ya juya ga ƙasar da ya taso a cikinta.

Littafin The Great Plains

Wannan littafi ya fito a 1931, kuma shi ne ƙashin bayan sunansa. Webb ya ja layi a taswira, layin digiri 98 na yamma, wanda ya ratsa Teksas kusa da Austin. Gabas da layin, zaman Turawa ya dogara ne a kan abu uku: ƙasa, ruwa da itace. Da suka tsallaka yamma sai biyu suka ɓace, ƙasar kaɗai ta rage. Kowa ya san tukunya ba ta zama a kan dutsen murhu ɗaya. Saboda haka suka yi cirko-cirko a bakin filin shekaru da dama, har sai da masana'antu suka ƙera musu abin da za su shiga da shi.

A nan ne na fi jin daɗin Webb, domin tarihinsa na kayan aiki ne, ba na sarakai ba. Doguwar bindigar da ta yi amfani a kurmi ba ta da amfani a kan doki. Kafin a ɗura ta sau ɗaya mahayin Comanche ya saki kibau da yawa. Libarba mai harbi shida ta Samuel Colt ita ta sauya lissafin. Babu itacen shinge, sai waya mai ƙaya da Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874 ta maye gurbinsa, ta kuma kawo ƙarshen kiwon sake. Babu rafi, sai famfon da iska ke juyawa ya riƙa ɗago ruwa daga rijiya mai zurfi. Hatta doka sai da ta sauya: eka 160 da dokar rabon gonaki ta 1862 ta ba kowane gida ba ta ciyar da iyali a fako, kuma ruwa ya koma na wanda ya riga amfani da shi, ba na wanda rafi ya bi ta gonarsa ba. A 1932 Jami'ar Teksas ta ba shi digirin dakta a kan littafin. Masanin tarihi Fred Shannon ya yi masa kaca-kaca a 1939 a kan kurakuran bayanai, Webb kuwa bai janye ba.

Inda Ya Gaza

A 1935 ya fitar da The Texas Rangers, tarihin dakarun tsaron jihar. Littafin kirari ne. Mutumin da ya ga waya da rijiya sarai, ya kasa ganin mutanen da libarbar ta hallaka. Ya siffanta 'yan asalin Meksiko da 'yan asalin ƙasar da kalaman raini, alhali a 1918 dakarun nan na cikin waɗanda suka kashe maza da yara 15 a ƙauyen Porvenir. Américo Paredes, masanin adabin baka a wannan jami'a, ya mayar masa da martani a 1958 ta hanyar nazarin waƙar baka ta mutanen iyakar. Mu ɗaliban harshe ya kamata mu lura cewa waƙar talakawa ce ta ƙaryata littafin farfesa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya koyar a Jami'ar Oksfod ta Ingila a 1942 zuwa 1943. A 1952 ya wallafa The Great Frontier, inda ya yi hasashen cewa arzikin Turai na shekara 400 ya samo asali ne daga ƙasashen da ta mamaye bayan 1500, kuma wannan garaɓasa ta ƙare. A 1957 ya fusata 'yan siyasar yammacin Amurka da ya rubuta cewa hamada ce zuciyar yankinsu. Ya shugabanci ƙungiyar masana tarihi ta Amurka a 1958. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Austin ranar 8 ga Maris, 1963, yana da shekara 74.